Me ya sa kanal ke tsukewa a nesa? Tarihin koya wa ɗalibai karanta nisa a cikin zane

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya san wurin. Ko'ina ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙone, amma daga Kura zuwa su Kadawa da Kwanar Gafan sai ka ga kore shar har iya ganinka: alkama, masara, albasa, tumatir. In ka samu dama wata rana, ka sauka daga mota ka tsaya a kan ɗaya daga cikin gadojin da suka ratsa kanal, ka bi ruwan da ido. Za ka ga gefen dama da gefen hagu suna ta matsowa kusa da juna, har can nesa su kusa haɗewa wuri guda. Ka san ba haɗewa suka yi ba. In ka taka ka je can, faɗin da ka baro shi za ka tarar.

To yanzu ka samu ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare, wanda ya tashi a Bunkure, wanda tun yana ƙarami yake kai wa babansa abinci gona ta bakin wannan kanal, ka ba shi takarda da fensir ka ce ya zana abin da yake gani. Sau da yawa layi biyu zai ja miƙaƙƙu, kafaɗa da kafaɗa, daga ƙasan takarda har samanta. Idonsa lafiya ƙalau. Ya dai zana abin da ya sani game da kanal, ya bar abin da ke shiga idonsa a lokacin. Wani masani ɗan Faransa, Georges-Henri Luquet, ya yi bayanin wannan ɗabi'a tun 1927 a littafinsa kan zanen yara, kuma ana ganinta ga yaran kowace ƙasa.

Ganin nisa a fili, yawancinsa da shi aka haife mu. Amma sanya nisa a kan takarda shimfiɗaɗɗiya, da iya karanto shi daga takardar, abu ne da ake koyo kamar yadda ake koyon baƙi da wasali. Wannan koyon yana da tarihi mai tsawo, kuma a wani lokaci an yi amfani da shi wajen yi wa 'yan Afirka hukuncin da bai dace ba. Shi za mu bi a wannan rubutu, mu dawo da shi bakin kanal.

Filin da aka fara zanawa a takarda

Kafin shekarun 1970, gonakin wannan yanki kamar na sauran karkarar Kano suke: iyakoki masu lanƙwasa, hanyoyin ƙafa masu kwana, ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar gona. Gwamnatin Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ita ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Daga Tiga ake sako ruwa ta babban kanal, ya rabu zuwa rassa, rassan su rabu zuwa ƙananan magudanai har ruwa ya isa fangalin manomi. An tsara kashin farko na aikin a kan hekta kusan 22,000 a yankunan Kura, Bunkure da Garun Malam, daga baya kula da shi ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976.

Abin lura a nan shi ne, ruwan da kansa yake gangarowa, ba inji ke turo shi ba. Don haka sai da safiyo suka auna tudu da gangaren kowane yanki, injiniyoyi suka mayar da awon taswira, suka zana fasalin kanal kamar an yanka shi an duba ta gefe, sannan katafila ta shigo ta baje ƙasa, aka sare itatuwa, aka sake rabon gonaki a kan miƙaƙƙun layuka. Wato duk filin nan ya fara zama ne a kan takarda, a hannun mutanen da suka iya mayar da tsawo da faɗi da zurfi zuwa layi, suka kuma iya mayar da layi zuwa ƙasa. Manomin da aka sake wa iyakar gona, in bai iya karanta takardar ba, sai dai ya karɓi abin da aka faɗa masa.

Ba da niyya ba kuma, aikin ya bar wa makarantun yankin wani abu da malaman zane a wasu wurare ke wahalar samu: dogayen layuka miƙaƙƙu a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, babu gini ko dutse da ke tare ido.

Mutumin Basra da ya so tare Kogin Nilu

Tarihin ya faro ne daga tambayar yadda ido ke gani. Masana da dama na tsohuwar Girka, irin su Euclid da Ptolemy, sun ɗauka cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abu. Wanda ya warware maganar da hujja da gwaji shi ne Hasan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Masu tarihi na ba da labarin cewa ya je Masar ne da alkawarin daidaita ambaliyar Kogin Nilu, da ya isa kusa da Aswan ya ga girman kogin sai ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Madatsa ba ta samu ba, amma tsakanin 1011 da 1021 ya rubuta Kitab al-Manazir, littafi mai juzu'i bakwai kan haske da gani.

Ya nuna cewa haske ne ke tasowa daga kowane ɗigo na jikin abu, ya tafi a miƙe ya shiga ido. Ya ƙara da cewa gani ba ya ƙarewa a ido, hankali na yin hukunci cikin gaggawa, yana kwatanta abin da ya shigo da abin da ya riga ya sani. A kan nisa kuwa ya faɗi abin da kowane manomi zai gaskata: muna ƙiyasta nisan abu ne ta hanyar ƙasar da ke shimfiɗe tsakaninmu da shi. Shi ya sa kake iya cewa ga yawan kunyoyin da ke tsakaninka da wancan mai ban-ruwa, amma ba ka iya faɗin nisan gajimare. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, in dai akwai ƙasar da zai bi.

Ibn al-Haisam bai yi rubutu don masu zane ba. Amma an fassara littafinsa zuwa Latin wajen shekarar 1200, ya zama ginshiƙin ilimin gani a jami'o'in Turai na tsawon ƙarnoni.

Allo mai huda a birnin Florence

Wajen shekarar 1420, wani magini a birnin Florence na Italiya, Filippo Brunelleschi, ya yi wani gwaji. Ya zana wani ginin ibada mai kusurwa takwas a kan ƙaramin allo, ya huda allon. Mai kallo zai tsaya daidai inda aka yi zanen, ya leƙa ta hudar daga bayan allon, yana riƙe da madubi a gabansa. In ya ɗaga madubi ya ga zane, in ya kawar ya ga ginin gaske, kuma layukan su dace da juna. Allon ya ɓata, labarin ya zo mana ta hannun wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, Antonio Manetti.

A 1435 Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idar a littafi. Ya ce mai zane ya ɗauki takardarsa kamar buɗaɗɗiyar taga. Akwai layi ɗaya da ke kwance daidai tsayin idon mai kallo, mu kira shi layin ido, wanda a fili shi ne inda sama ke haɗuwa da ƙasa. Duk layukan da suka miƙa gaba kafaɗa da kafaɗa, kamar gefen kanal biyu, za su taru a ɗigo ɗaya a kan wannan layi, mu kira shi mahaɗa. Abu kuma na ƙanƙancewa gwargwadon nisansa: in nisa ya ninka biyu, tsayinsa a takarda ya koma rabi. Leonardo da Vinci ya ƙara bayanin yadda iska ke dusashe launin abin da ke nesa, Albrecht Dürer na Jamus kuma a 1525 ya buga hotunan kayan aikin da mai koyo zai yi amfani da su, har da gilashin da ake zana abu a kansa.

Wannan hanya, wadda za mu kira ƙa'idar hange, ita ce kyamara ke bi a yau. Shi ya sa muke jin kamar ita ce kaɗai daidai.

Dagi ma yana da gaba da baya

Amma hanyoyin nuna fili a zane suna da yawa, kowace da abin da ta sa a gaba. Masu zanen tsohuwar Masar sukan girmama mutum a bango gwargwadon matsayinsa, fir'auna ya fi bawa girma ko da suna tsaye wuri ɗaya. A zanen littattafan Farisa, abin da ke nesa ana ɗaga shi sama ne a shafi ba tare da an ƙanƙanta shi sosai ba. Masu zanen Sin sukan bar layukan gini su tafi kafaɗa da kafaɗa ba su haɗu ba, kuma irin wannan tsari ne injiniyoyi ke bi har yau idan suna son a iya auna tsawon abu daga zane, tun bayan da William Farish na Kambirij ya tsara shi a 1822. Ka ga kenan layi biyun da ɗalibinmu na Bunkure ya ja ba shirme ba ne. Zanen safiyo ya yi, alhali an tambaye shi zanen mai kallo.

A gida ma muna da namu. Dubi dagi, wanda ake sakawa a jikin gini da riga da hula: zare ɗaya ne yake bi ta kan wani, ya nutse ta ƙarƙashin wani. Idonka na ganin sama da ƙasa a wurin da babu komai sai shafaffen bango, saboda layi ɗaya ya katse ɗaya ya wuce. Wannan ita ce alamar nisa mafi ƙarfi da ido ya sani, wato abin da ya rufe wani shi ne a gaba. Adon bangon gidajen Kano da Zariya ana tayar da shi ne daga jikin bango don inuwa ta fito da shi, kuma kamanninsa na sauyawa daga hantsi zuwa la'asar. Aska takwas a kan babbar riga da zayyanar allon mai saukar Alƙur'ani darasi ne na daidaito da rabon fili. Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya ɗaga bakan gizo da azara da ƙasa, aikin da ba ya yiwuwa sai ga wanda ke ganin ginin a ransa ta kowace fuska kafin a ɗora tubali. Kura kanta ta yi suna da turkuɗi, wanda ake rinawa a buga har ya yi ƙyalli, Buzaye na saye su kai hamada. Mai bugu ya san yadda haske ke sauka a kan yadi fiye da yawancinmu.

Yadda darasin ya shigo makarantun Najeriya

A Kano, makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, inda gwanayen gari ke koyar da irin su dukanci da ƙira da ɗinki. Wato a Arewa fasaha ta shiga boko ne ta ƙofar sana'a.

A Legas labarin daban ne. Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, ya koya wa kansa zane daga hotunan littattafai da jaridu, a lokacin da Turawa da yawa ke cewa baƙar fata ba zai iya zane irin na Turai ba. Ya je Landan da Faris ya yi karatu daga 1920 zuwa 1922, ya dawo yana zagaya makarantun sakandare na Legas yana koyarwa. Tsananin nacinsa a kan ƙa'idar hange ya sa aka laƙaba masa suna Mista Fasfektif, daga sunan ƙa'idar a Turance. Shi ya matsa wa gwamnatin mulkin mallaka ta kawo ƙarin malamin zane, sai aka kawo Kenneth Murray a 1927.

Abin mamaki, Murray ya ɗauki wata hanya. Shi so yake ɗalibai su zana rayuwar garinsu, su riƙe sassaƙa da ginin tukwane na iyayensu, bai damu da cusa musu ƙa'idojin makarantun Turai ba. Cikin ɗalibansa akwai Ben Enwonwu. Ɗan ƙasa na cewa a koya wa yaranmu abin da aka ce ba za su iya ba, baƙo na cewa a bar su a kan nasu. Kowannensu na da gaskiya a wani ɓangare, kowanne kuma in an bi shi shi kaɗai akwai asara.

A Zariya aka nemi haɗa hanyoyin biyu. A 1955 aka mayar da sashen zane na Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Matsayinsu shi ne a ƙware a dabarun da aka zo da su, a kuma koma ga fasahar gida a ɗebo, a haɗa. Daga baya Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982 suka ba zane gurbi a ƙaramar sakandare. Yau yana cikin darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, a babbar sakandare kuma ana iya zana jarrabawarsa a WAEC da NECO. A takarda kenan. Duk wanda ya san makarantun karkara ya san darasin da ake fara yadawa idan malamai sun yi ƙaranci.

Giwa, barewa da mai mashi

A 1960 wani masanin halayyar ɗan Adam a Afirka ta Kudu, William Hudson, ya buga binciken da ya daɗe ana jayayya a kansa. Ya lura ma'aikatan masana'antu da ma'adinai ba sa fahimtar hotunan gargaɗi yadda masu zana su suka nufa. Sai ya yi wani zane: mutum riƙe da mashi a gefe ɗaya, barewa a ɗaya gefen, a tsakiyarsu kuma 'yar ƙaramar giwa a kan tudu. Nufin mai zanen shi ne giwar tana can nesa, shi ya sa ta ƙanƙance. Tambayar ita ce, wa mutumin ke shirin soka, kuma wanne ya fi kusa da shi? Yawancin leburorin da ba su yi makaranta ba suka ce giwa, don ita ce kusa da bakin mashin a kan takarda.

Wasu suka ɗauki wannan suka yi ta yaɗa cewa 'yan Afirka ba sa ganin nisa a hoto. Amma a cikin binciken Hudson kansa, leburori farar fata da ba su yi nisa a karatu ba su ma da yawa giwa suka ce, haka yara farar fata 'yan ajin farko. Abin da ya raba mutane shi ne sabo da hotuna.

Sannan aka gano zanen ma na da nasa laifi. Layi ne kawai, babu ciyawa ko tsakuwa da za ta nuna ƙasar da ke tsakanin mai mashi da giwa, wato an cire ainihin abin da Ibn al-Haisam ya ce ido na bi. A Zambiya, Jan Deregowski ya sake gwajin ta wata hanya a ƙarshen shekarun 1960: ya ba mutane zanen siffofi, ya ba su tsinke da dunƙulen laka na roba ya ce su gina abin da suka gani. Da yawa daga waɗanda suka faɗi gwajin giwa sun gina siffa mai gaba da baya daidai. Ashe yanayin tambayar ma na cikin matsalar.

Wata shaida ta zo daga Indiya a 2015. Masu bincike a shirin Prakash, ƙarƙashin Pawan Sinha, sun gwada yara tara 'yan shekara 8 zuwa 16 da aka haifa da yanar ido, cikin awa 48 bayan an yi musu aiki sun fara gani. An nuna musu wani sanannen zane mai ruɗar ido: layi biyu masu tsukewa kamar gefen kanal, da gajerun sanduna biyu masu tsawo ɗaya a kwance a tsakaninsu. Kamar kowa, yaran suka ce ta saman ta fi tsawo. Wato wani ɓangare na wannan aiki ƙwaƙwalwa ta zo da shi. Abin da ya rage shi ne sabo da ƙa'idojin da masu zane suka yarda a kansu, wannan kuwa aikin malami ne.

Darasi a bakin kanal

A ce malama a wata sakandare a Kura ko Bunkure tana da awa biyu, ba ta da littafin zane ko fenti. Za ta iya fita da ɗalibai zuwa bakin kanal, su tsaya a kan hanya, kada kowa ya shiga ruwan, saboda zurfi da kuma tsargiya. Kowane ɗalibi ya zo da kwalin da aka yanke tsakiyarsa kamar taga, an manna farar leda mai garai-garai. Ya rufe ido ɗaya, kada ya motsa kai, ya bi gefen kanal biyu da maka a kan ledar. Da ya sauke zai ga layukan sun tsuke da kansu. Gwajin Brunelleschi da gilashin Dürer kenan, da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Rufe ido ɗaya na da dalili: idanunmu biyu na da tazarar santimita 6 da ɗoriya, kowanne na ganin abu ta ɗan gefe daban, ƙwaƙwalwa na amfani da bambancin ta gane kusa da nesa, kamar yadda Charles Wheatstone ya nuna a 1838. Takarda kuwa ido ɗaya gare ta.

Daga nan sai awo. A ce falwaya mai tsayin mita 8 tana nisan mita 30. Ɗalibi ya miƙa hannu da rula, kimanin santimita 60 daga idonsa, zai ga falwayar ta ci santimita 16. Wadda ke mita 60 za ta ci 8, wadda ke mita 120 ta ci 4. Wannan shi ne darasin alwatika masu kama da juna da ake yi a ajin lissafi, ga shi a tsaye a gona.

Sai layin ido. Ɗalibai biyar masu tsayi kusan ɗaya su jeru a kan hanya, kowanne ya fi na bayansa nisa da taku ashirin. Mai kallo da ke tsaye zai ga kawunansu duk a layi ɗaya, ƙafafunsu ne ke hawa sama. In ya tsuguna, layin ya sauko tare da shi. Ga wanda idonsa ke mita 1.6 daga ƙasa, a fili marar tudu, inda sama ke haɗuwa da ƙasa bai wuce kilomita 4 da rabi ba.

Sauran alamomin duk suna nan kewaye. Kunyoyin tumatir na kusa ana ganin ganye ɗaya-ɗaya, na nesa sun zama shimfiɗar kore, abin da James Gibson ya yi dogon bayani a kansa a 1950. Buhun da ya rufe rabin wani buhu shi ne a gaba, kamar zaren dagi. Da hunturu, hazo na mayar da itatuwan nesa fari-fari. A mota kuwa, falwayoyin bakin hanya na gudu baya da sauri, itatuwan can ƙarshen gona kamar suna bin ka.

In an dawo aji sai a juya aikin, daga zanawa zuwa karantawa. Edmund Feldman, malamin koyar da fasaha a Amurka, ya tsara matakai huɗu a 1970: ka faɗi abin da ke cikin hoton, ka duba yadda aka jera shi, ka faɗi abin da kake ganin yana nufi, sannan ka yi hukunci. Amfanin tsarin shi ne yana hana ɗalibi tsallakawa zuwa "ya yi kyau" ko "bai yi ba" tun kafin ya duba. Hoton gwaji kuwa yana aljihu. A bayan takardar naira 200 akwai shanu, kayan gona da dalar buhuna. Me ke gaba, me ke baya? Da me ka gane? Ina mai zanen ya tsaya? Akwai wurin da mutum zai tsaya ya ga waɗannan duka a haka, ko haɗa su aka yi don a isar da saƙo? Gobe a kawo hula mai dagi, jibi hoton kasuwar Kwanar Gafan daga waya, gata zanen bayan babbar mota, a yi musu tambayoyin nan dai. Ɗalibi zai gane cewa kowane hoto zaɓi ne na wani mutum da ya tsaya a wani wuri.

Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da darasin zane saboda maganar zana mai rai. Hukuncin wannan na malaman addini ne. Abin da za mu iya cewa shi ne, duk zanen da ɗalibi zai yi da hannunsa a darasin nan na kanal ne da falwaya da kunya da gini.

Abin da ke cikin maganar

Yarinyar da ba a koya wa karanta zane ba za ta haɗu da shi ko ta so ko ba ta so. Zuciyar da aka yanka biyu a littafin ilimin halittu, layukan tudu da kwari a taswirar labarin ƙasa, akwati da mazurari a lissafi, zanen injiniya mai nuna abu ta sama da gaba da gefe, duk suna ɗauka cewa ta iya ganin abu mai kauri a cikin layi. In ta kasa sai a ce ba ta da kan kimiyya, alhali darasi ɗaya ne aka tsallake mata. Haka manomin da ke duba ƙananan hotunan gargaɗi a jikin robar maganin feshi yana fuskantar irin matsalar da ta sa Hudson fara bincikensa, kuma kuskure a nan na iya taɓa lafiyarsa.

Kanal ɗin Kura da Bunkure ya haura shekara 40 yana aiki. An yi masa gyara a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, kuma zai sake buƙatar wani. Kowane gyara da takarda yake farawa. Zai yi kyau a ce cikin masu zana takardar gaba, ko aƙalla masu iya buɗe ta a taron ƙungiyar masu amfani da ruwa su ce wannan layin bai bi gangaren gonarmu ba, akwai yaran da suka tashi suna kai abinci gona ta bakinsa.